Ki Tafi Wannan Juma'ar

Kawuna ya rasu ranar Talata da hantsi, a gidansa na unguwar Nima, yana zaune a kujerar roba a ƙofar ɗaki. Matarsa ta kawo masa koko da ƙosai, ta yi magana sau biyu bai amsa ba, sai ta taɓa kafaɗarsa. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Mun yi ta faɗa ranar har bakinmu ya bushe, amma ni sai yanzu da na zauna rubutu nake jin nauyin maganar.

Kafin azahar lungun ya cika. Aka kafa kanofi biyu, aka tare hanya. Direbobin trotro, motocin hayarmu, da suka saba yankewa ta nan don gudun cunkoson mahaɗar Kawukudi suka yi ta oda suna faɗa, har aka gaya musu wanda ya rasu, suka ja da baya ba ƙorafi. Tsofaffin abokan aikinsa na kamfanin jiragen sama na gwamnati suka zo a mota ɗaya, yawancinsu Kiristoci, da baƙaƙen kaya. Cikinsu har da wata tsohuwa mai sanda, wai a zamaninta ita ke raba abinci a cikin jirgi. Ta zauna ta yi kuka fiye da mu 'yan gida.

Sai ga mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta bakin lungu ta shigo, hannu biyu a ka.

"Ei, Alhaji Jirgi ya tafi! Mutum mai kirki ne, walahi. Kawai dai shi ya kashe muna jirgin Kano."

Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Mata uku suka gyaɗa kai. Mutum yana kwance ko likkafani ba a gama ɗinka masa ba, ga tarihinsa an naɗe shi a jimla ɗaya. Da ba gidan makoki ba ne da ta ji bakina. A nan na ƙudura sai na rubuta wannan.

Mma, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, tana zaune a kusurwar tsakar gida, carbi a hannu, ido a bushe. Kowa yana satar kallonta, domin duk Nima da Maamobi an san shekara ashirin da ɗoriya ba ta taka gidan nan ba. An sa jana'iza bayan la'asar. A al'adarmu, kafin a rufe fuskar mamaci, ana kiran 'yan'uwa na jini ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shiga ya gan shi, ya ce ya yafe masa. Mma kaɗai ta rage masa a duniya cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya. Ko za ta shiga, ko ba za ta shiga ba, wannan shi ne abin da ya hana ni zama wuri ɗaya.

Su uku ne wurin kakana, Bakano mai fataucin goro da ya zauna a nan kusa da Nima, a unguwar Lagos Town, tun kafin a sauya mata suna. Babbarsu, wadda muke kira Inna Babba, ta yi aure ta koma Kano. Sai Kawu, sai Mma auta. Kawu ne kaɗai ya yi boko mai zurfi. Ya fara aiki a filin jirgi yana auna akwatunan fasinja, ya yi ta hawa har ya kai ofishin da ake tsara wane jirgi zai je wane gari, a wace rana. Mutanen Zongo, wato unguwanninmu na Hausawa, ba su taɓa gane aikin nan ba. Wasu sun ɗauka matuƙi ne, wasu kuwa sun rantse jirgin Kano nasa ne na kansa, gwamnati aro take yi. Ya yi bayani ya gaji, ya ƙyale su.

Nima tana kusa da filin jirgi, don haka hira da Kawu sai haƙuri. Kana tsakiyar ba shi labari, da zarar ƙarar jirgi ta taso zai ɗaga maka hannu. Ba sama yake kallo ba, agogonsa yake kallo. Ko ya ce "Madalla," ko ya yi tsaki ya ce, "Ya makara." Ranar ɗaurin aurena ma sai da ya yi wa liman haka. Bayan kamfanin ya mutu, jiragen da ke wucewa duk na wasu ƙasashe ne, amma bai daina ba. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Kawu, ina ruwanka da makarar jirgin mutane?" Ya ce, "Akwai wanda ke tsaye yana jiran wani a can, ke ba ki gan shi ba ne kawai."

Ranar Alhamis kuwa gidansa yakan zama tasha. Jirgin Kano Juma'a yake tashi, don haka duk mai saƙo zai kawo: goro a ganye, atamfa, hoton jariri, wasiƙa. Tsofaffin da ba su iya rubutu ba sukan ɗauki muryarsu a kaset. Kawu zai zauna a tabarma da ɗan sikelinsa na hannu, ya auna, ya kwance kowane ƙunshi ya duba, sannan washegari ya bi fasinjoji yana roƙo su ɗauka. Ko sisi bai taɓa karɓa ba. Amma kwancewar nan ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Wani babban malami ya taɓa aiko da ƙunshi a ɗinke, ya ce kada a buɗe. Kawu ya mayar masa da abinsa, ya ce a gaya wa malam yana gaishe shi, amma abin da idonsa bai gani ba ba zai ɗora wa bayin Allah a sama ba. Malam ya yi wata biyu ba ya amsa sallamarsa.

Kaset ne kawai ba ya saurara. Akwai wata tsohuwa 'yar Zabarma da ba ta da rikoda, takan zo ta ari tasa. Zai danna mata, ya fita tsakar gida ya ja ƙofa, ya tsaya yana korar yara har ta gama kukanta da gaishe-gaishenta.

Maganar ofis kuwa, ba ka jinta a bakinsa. Idan an tambaye shi ko gaskiya ne kamfani zai rufe, amsarsa ɗaya ce: "Maganar ofis a ofis na baro ta." Sau ɗaya kawai ya ɗan buɗe mini, lokacin na fara koyarwa a wata makarantar firamare a Maamobi, ina jin kaina 'yar boko. Na ce, "Kawu, me ke cin kamfanin nan naku?"

Ya miƙa hannu bakin ƙofa ya jawo takalma. Ya ajiye nasa manya guda biyu, ya ajiye silifas ɗina a gefe.

"Waɗannan manyan su ne jiragenmu masu zuwa garin Turawa. Wannan ƙaramin shi ke zagaye mana maƙwabta, shi ke zuwa Kano. Na ce wa manya mu ƙaro ƙanana, mu riƙe garuruwan da mutanenmu ke zuwa kullum. Suka ce a'a, babba za a ƙaro, a ga tutarmu a can."

"To ai tuta abin alfahari ce."

"Haka ne. Sai dai idan babba ya lalace, kuma babu kayan gyara, wa kike gani ake kwance wa hanji a sa masa?"

Ya ɗaga silifas ɗina ya juya shi, ya nuna mini inda igiyar ta kusa tsinkewa. Ya ce in kai a ɗinke mini, kada in ba shi kunya a titi.

Yanzu sai maganar da nake ta kewayewa.

Saura mako biyu babbar Sallah, saƙo ya zo daga Kano cewa Inna Babba tana kwance, tana kiran sunan ƙanwarta. Mma tana sayar da atamfa da mayafai a Kasuwar Makola, kuma kowa ya san makon kafin Sallah shi ne shekarar mai atamfa. Ranar Laraba da yamma na raka ta gidan Kawu. Bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, ka riƙe mini kujera Juma'a ta sama. In sauke kayan nan tukuna."

Ya ce, "Ki tafi wannan Juma'ar."

"Jibi ke nan fa. Kaya sun iso jiya-jiya, wa zan bar wa?"

"Ga 'yarki nan, ta tsaya miki bayan makaranta. Ki tafi wannan Juma'ar."

Mma ta yi dariya, ta ce wannan da ba ta san yadi daga rabin yadi ba? Ta ce ai ciwon Inna Babba ba yau ya fara ba, mako ɗaya ba komai ba ne. Kawu ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da tikiti, an riga an rubuta sunanta. Ya ajiye a gabanta.

"Auta, don Allah. Wannan Juma'ar."

Ta dubi tikitin, ta dube shi. Sannan ta ce a sauya mata ranar, ai a wurinsa ba wahala ba ne, ta miƙe ta gyara mayafi. Muka bar tikitin a kan tabarma.

Jirgi ya tashi Juma'a. Ranar Litinin rediyo ya sanar kamfani ya daina zuwa Kano, daga wannan tafiyar babu wata. Laraba aka aiko cewa jikin Inna Babba ya yi tsanani. Mma ta bi duk ofisoshin tikiti, babu kujera ko ta Legas, Sallah ta cinye. Ta hau mota ta bi ta Aflao, ta Lome, ta Kwatano, ana sauke su a kowace iyaka. Kwana huɗu ta yi a hanya. Ta tarar an kwana biyu da binne yayarta.

Da ta dawo ko gida ba ta biya ba, Nima ta wuce da jakarta. Ina wurin, don ni na taro ta a tasha.

"Ka san za a tsayar da jirgin?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon wata."

"Su wa suka yanke?"

Da ya ce manya ne, da an wuce wurin, kuma da ba ƙarya ya yi ba, don su suka buga hatimi. Amma Kawu bai iya rabin gaskiya ba. Ya ce, "Ni na rubuta takardar."

Mma ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Ka zaɓi ofis, Allah ya bar ka da ofis." Ta sa takalmanta ta fita.

Kafin magariba maganar ta zaga Zongo. Alhamis ta zo, tabarmar Kawu babu kowa. A masallaci ana ba shi hannu, amma da yatsu uku. 'Yan kasuwar da ke sauke kaya daga Kano suka ce ya kashe musu sana'a, tsofaffi suka ce ya yanke musu zumunci. Abin da ya ba ni haushi har yau, ba wanda ya tuna cewa wadda aka binne a Kano yayarsa ce shi ma. Ita ta goya shi. Shi ma bai ga gawarta ba, domin a makon nan ba a bar kowa a ofishinsu ya motsa ba. Mutane suka yi ta tururuwa gidan Mma suna ta'aziyya, shi kuwa ya yi zaman makokinsa da matarsa su biyu.

Kamfanin bai daɗe ba bayan haka. Aka yi ta yanke garuruwa ɗaya bayan ɗaya, manyan jiragen ma suka zauna a ƙasa ciyawa ta kewaye tayoyinsu. Wata rana Kawu ya dawo gida da kwali ɗaya da taswirar bangon ofishinsa a naɗe, shi ke nan aiki ya ƙare.

Gabar tasu ma abin dariya ce in ba ka cikinta. Duk Sallar layya sai ya aiko wa Mma cinyar rago, ita kuma ta rabar wa maƙwabta ko tsoka ba ta ɗanɗana ba, amma ranar da aka makara kawowa sai ta yi ta leƙa ƙofa. In na je Nima zai ce, "Gwiwar tata fa? Ki ce ta daina hawa benen nan na Makola." In na dawo Maamobi ita kuma ta ce, tana kallon wani wuri, "Wancan na Nima yana shan maganin hawan jininsa kuwa?" Na zama jirgin da ya rage tsakaninsu, kuma ni ba a taɓa ba ni hutu ba.

Wata shekara na ƙosa. Na same shi na ce, "Kawu, wannan abu ya isa. Ka je ka gaya mata dalilinka. Kuma ai sau uku ka ce ta tafi, ina zaune. Ita ta ƙi."

Ya haɗe fuska, irin yadda bai taɓa yi mini ba.

"Kada in ƙara jin wannan a bakinki. Ko a gabanta, ko a bayanta."

"To ai gaskiya ce."

"Yayarta ta rasa, ba ta gan ta ba. Abin nan dole a ajiye shi a kan wani. In ba a kaina ba, a kan wa kike so ta ajiye?"

A lokacin na ɗauka taurin kai ne irin na gidanmu, wanda ni ma ban rasa rabona ba.

Dalilin da ya ƙi faɗa, sai ranar rasuwarsa na ji shi, a ƙarƙashin kanofi. Cikin tsofaffin abokan aikin akwai wani dattijo ɗan ƙabilar Ga, wanda shi ne babban injiniyansu. Ya girma kusa da Zongo, yana jin Hausarmu ta nan wadda ba ta raba mace da namiji. Ya kira ni da hannu.

"Kai ne yaron ƙanwanshi? Zauna, in gaya maka. Wannan ƙaramin jirgi ya gaji. Mun cire kayanshi mun sa ma babba, mun cire, mun sa. Na ce ma manya, hannuna ya tsaya ƙarshen wata, bayan nan ba ni sa hannu. Suka ce ei, Sallah ya zo, fasinja ya cika, a ja shi kaɗan. Kawunka ya tashi tsaye. Ya ce waɗanda za su cika jirgin nan, ya san sunan uwar kowa. Ya ce ba shi sa shi cikin jadawali, sai dai a kore shi."

Na ce, "To me ya hana shi faɗa wa mutane?"

"An sa mu rantsuwa, kowa da littafinshi. Ba a so gari ya ji kafin ranar. Ni na rantse da nawa, shi da Alƙur'ani." Ya share ido da hankici. "Na ce mishi, gaya ma ƙanwanka a kunne mana, wa zai sani? Ya ce wanda ya rantse da Shi zai sani."

Na tashi da niyyar in kai wa Mma wannan magana da zafinta, ko ta sa ta shiga. Ban kai gare ta ba matar Kawu ta leƙo daga ɗaki ta ce an gama, 'yan'uwa su zo. 'Ya'yansa suka shiga suka fito. Matar Kawu ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta kira suna ba, ta dai dubi kusurwa.

Mma ta ajiye carbi. Ta yunƙura, gwiwar ta ƙi, ta miƙo mini hannu. Ban gaya mata komai ba, ba ta kuma tambaye ni ba. Muka taka a hankali har cikin ɗakin.

Yana kwance a kan tabarma, an naɗe shi, fuskar kaɗai a buɗe. Ya yi ƙanƙanta. Mma ta durƙusa da ƙyar, ta daɗe tana kallonsa. Ina jira in ji ta ce ta yafe, in sauke ajiyar zuciya.

Ta ce, "Yaya, na gane."

Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tashin mai barci.

"Tun da ka faɗa na biyu na gane akwai magana. Ni da na san fuskarka tun ina rarrafe? Da ka fito da tikitin nan na san babu wata Juma'a. Na sani sarai. Na tuna atamfofina, na ce a raina ai Yaya ne, zai san yadda zai yi." Ta kama gefen likkafanin. "Kai ma ka san na gane, ko? Ka sani, ka yi shiru ka bar ni ina zaginka shekara da shekaru."

Sai a nan hawayen suka zo mata.

"An ce in zo in yafe maka. Me zan yafe? Kai ka yafe mini, Yaya. Ka ji? Ka yafe mini."

Ta karkata kai wajen fuskarsa. Na ga Mma tana jiran mai saye, na ga tana jiran mota a rana, ban taɓa ganin ta yi jira irin wannan ba. Maza suka yi gyaran murya a waje, aka ce lokaci ya yi, liman yana tsaye. Ba ta motsa ba. Sai da na sa hannu biyu na ɗaga ta, tana waiwaye har muka fita.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, mai auna kayan mutane da gaskiya, mai riƙe rantsuwa ko da za ta cinye shi. Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da yayarsa. Amsar nan kuma da Mma ta durƙusa tana jira, shi ba shi da bakin ba ta yanzu. Kai Ka ba ta.